Keke a Hanyar Burji

A garin Emporia da ke jihar Kansas ta Amurka, tun shekarar 2006 ake yin wani tseren keke wanda ba a bin kwalta. Mahaya na kutsawa hanyoyin tsakuwa na karkara har tsawon kilomita 320, su dawo buɗu-buɗu da ƙura suna murna. Mutum 34 ne suka fara shi, yau dubbai ke rububin samun gurbi. Abin ya bunƙasa har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasarsa ta farko a Italiya a 2022, Kenya ma tana da nata a yankin Masai Mara. Amma mafi yawan masu wannan sha'awa ba tsere ya dame su ba. Su dai su sami gandun daji mai inuwa, su kewaya a hankali na awa ɗaya ko biyu, su dawo inda suka tashi.

Mutumin karkararmu da ya ji wannan labari dariya zai yi. Hanyar da Bature ke biyan kuɗin jirgi don ya hau, ita ce manomin Kusada ta jihar Katsina ke bi kullum da buhun gero a kan kariya, ita ce ɗan makaranta ke bi da ƙaninsa a goye. Kakanninmu sun ci zamanin keken Raleigh, lokacin da sabon keke kan sa a san an yi amfanin gyaɗa. Da babur ya shigo sai aka mayar da keke alamar rashi. Ni a ganina wannan raini asara ce, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da dama sun kakkaɓe nasu daga zaure ba tare da an yi musu wa'azi ba.

Sirrin hawan burji yana ga taya. Keken tseren kwalta faɗin tayarsa bai cika wuce milimita 28 ba, na tsakuwa kuwa yakan kai 40 ko ya ɗara. Tsohon kekenmu na ƙarfe da ɗan gwanjon nan mai manyan tayoyi duk za su yi aiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika iska har taya ta yi tauri kamar dutse. A kan marmara irin wannan taya tsalle take yi, ta gajiyar da kafaɗa, ta kuma zame a kwana. A ɗan rage iskar, yadda in an danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa. In an tarar da rairayi, kada a damƙe birkin gaba. A ja jiki baya kan sirdi, a saki kan keken ya nemi hanyarsa, a ci gaba da taka feda. In yashin ya yi zurfi, sauka a tura ba abin kunya ba ne.

Babban abokin gaba shi ne ƙaya. Tsidau na kwance a bakin hanya, ɗan ƙarami da shi, amma ya fi ƙusa iya huda taya. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa inda aka yi shinge ko inda makiyaya suka sassabe reshe. Don haka a bi tsakiyar sawun da ƙafa ta riga ta daddale, a kuma riƙe famfo da kayan faci, domin mai faci sai cikin gari.

Sai maganar dajin kansa, wadda ita ce ta fi ciwo. Wanda ya bi burtali tsakanin Kankiya da Kusada a kan keke zai ga abin da mai babur ba ya gani. Zai ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman abin taɓawa. Zai ga kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya tsaye ɗaiɗai a gonaki. In ya lura da kyau zai gane kusan duk tsofaffi ne, ba ƙanana masu tasowa a bayansu, sai kututture da ramin gawayi. Bedi ne kaɗai ke yaɗuwa, shi ma baƙo ne daga Indiya. Gandayen da aka keɓe tun zamanin En'e, waɗanda malamin daji ke tsarewa har a ci mutum tara kan reshe ɗaya, gonaki da gatari sun cinye gefunansu. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ta Afirka ya shafa, amma dashe ba ya rayuwa sai da mai ba shi ruwa da mai kare shi daga awaki.

Manyan dazuzzuka kuwa, irin su Rugu da ke yammacin jihar, 'yan bindiga sun raba mu da su, ba wurin yawon shan iska ba ne a yanzu. Ko kusa da gida ba a shiga kurmi da ka. A tambayi mai unguwa da manoman wurin, a fita mutum uku ko huɗu, a faɗa wa na gida hanyar da za a bi.

Kewayen kilomita 10 zuwa 15 ya ishi mai farawa: a fita ta burtali, a ratsa gefen fadama, a dawo ta wata hanyar. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, fita uku ta biya wannan, ga kuma sauƙi ga gwiwar da ba ta jure gudu. Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, an girbe karan da ke tare ido, laka ta bushe. A tashi bayan sallar asuba da gorar ruwa, a ɗaura rawani ko ƙyalle a hanci saboda ƙurar hunturu. Da bazara kuwa, wanda bai dawo kafin ƙarfe tara ba zai sha rana.