Shirin Musamman: Yadda Jami'o'i da 'Yan Kasuwa da Hukumar Birni Suka Sake Gina Medellin

Shirin musamman na wannan mako zai duba haɗin gwiwar da ke tsakanin jami'o'i da kamfanoni da hukumomin birane wajen samar da sababbin dabarun kyautata zaman birni, kuma zai ɗauki misali daga Medellin, birni na biyu mafi girma a ƙasar Kolambiya da ke Kudancin Amurka.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan alaƙa. Tun a shekarar 1968, wasu masana biyu 'yan ƙasar Ajantina, Jorge Sabato da Natalio Botana, suka bayyana cewa ci gaban ƙasa ta fuskar kimiyya ya dogara ne a kan ɓangarori uku, wato gwamnati da cibiyoyin bincike da masu masana'antu, sannan a shekarun 1990 Henry Etzkowitz da Loet Leydesdorff suka faɗaɗa wannan tunani har ya bazu a duniya. Hujjar ita ce kowane ɓangare yana riƙe da abin da sauran biyun ba su da shi: jami'a tana da ilimi da masu bincike, kamfani yana da jari da sanin kasuwa, ita kuwa hukumar birni tana da ikon kafa doka da mallakar filaye da kuma alhakin jama'a a wuyanta. Tamkar duwatsun murhu ne, waɗanda tukunya ba ta zama daidai sai sun cika uku.

Birnin Medellin, mai mutane kimanin miliyan biyu da rabi, yana kwance ne a cikin kwarin Aburra, tsaunuka sun kewaye shi, kuma talakawan da suka yi ƙaura daga karkara saboda yaƙi da fatara sun gina gidajensu a kan gangaren tsaunukan, nesa da wuraren aiki da makarantu. A shekarar 1991, lokacin da ƙungiyar masu fataucin hodar iblis ta Pablo Escobar take kan ganiyarta, an kashe mutane fiye da 6,000 a birnin, wato kusan 380 a cikin kowane mutum 100,000, adadin da ya sa ake lissafa shi a matsayin birni mafi haɗari a duniya. A daidai wannan lokaci masaƙun da suka ɗaukaka sunan birnin suna durƙushewa, saboda an buɗe ƙofar ƙasar ga kayan waje masu araha.

Duk da haka birnin yana da ginshiƙai uku da ba su rushe ba. Na farko shi ne jami'o'insa, musamman Jami'ar Antioquia ta gwamnati, wadda asalinta ya koma shekarar 1803, da jami'ar EAFIT wadda 'yan kasuwa suka kafa a 1960. Na biyu shi ne manyan 'yan kasuwar yankin, waɗanda tun 1975 suke da gidauniyar Proantioquia da suke tattauna al'amuran jama'a a ƙarƙashinta. Na uku, wanda ya fi bambanta Medellin da sauran birane, shi ne kamfanin EPM da aka kafa a 1955, mai samar da wutar lantarki da ruwan sha da iskar gas, wanda mallakin birnin ne kacokan, ana tafiyar da shi bisa tsarin kasuwanci, kuma a kowace shekara yana miƙa wa baitulmalin birnin aƙalla kashi 30 cikin 100 na ribarsa.

A shekarar 2003 Jami'ar Antioquia ta jagoranci kafa wani kwamiti na jami'a da kamfani da gwamnati, inda shugabannin jami'o'i da na kamfanoni da jami'an hukuma suke zama sau ɗaya a wata, mai masana'anta ya faɗi matsalar da ta dame shi, mai bincike ya gabatar da abin da ya gano, jami'in hukuma kuma ya ji inda doka ko rashin kuɗi yake kawo cikas. Amfanin wannan zama bai tsaya ga yarjejeniyoyin da ake ƙullawa ba, domin yawan haɗuwa ya sa mutanen da a da ba sa jin yaren juna suka saba, har aminci ya shiga tsakaninsu.

Shekara guda bayan haka Sergio Fajardo, malamin lissafi na jami'a wanda bai fito daga manyan jam'iyyun ƙasar ba, ya kama aiki a matsayin magajin gari, ya kuma jawo malamai da masu zanen gine-gine irin su Alejandro Echeverri cikin gwamnatinsa. Manufar da suka bi ita ce a kai gine-gine mafi inganci unguwannin da suka fi talauci, kuma kafin a aza tubali sai an zauna da mazauna unguwa, manya da yara, su zana irin dandali ko gada ko makarantar da suke so, sannan ƙwararru su mayar da zanen tsarin aiki.

Unguwar Santo Domingo Savio, wadda ke can saman tsauni a arewa maso gabashin birnin, ita ce wurin da aka fi ganin wannan aiki. A 2004 kamfanin jirgin ƙasa na birnin ya buɗe layin wasu ƙananan taragai da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, irin waɗanda a Turai aka fi sani a wuraren shaƙatawa na kan duwatsu, kuma wani kamfanin Faransa mai suna Poma ne ya samar da fasahar. Kowane tarago yana ɗaukar mutum goma, yana ratsawa ta saman rufin gidajen jan bulo na tsawon kimanin kilomita biyu, ya sauke fasinja a tashar jirgin ƙasa ta Acevedo, inda zai wuce cikin gari ba tare da ya sake biyan kuɗi ba. A gindin turakun da ke riƙe da igiyar an shimfiɗa hanyoyin ƙafa da filayen wasan yara, ƙananan shaguna kuma suka buɗe. A 2011 aka yi makamancin haka a gunduma ta 13, inda aka kafa matakala masu tafiya da lantarki na tsawon mita 384, suka rage hawan da ke cin fiye da rabin sa'a zuwa kimanin minti shida.

Domin kada wannan yunƙuri ya mutu da saukar gwamnati, a 2009 hukumar birnin da kamfanin EPM da kamfanin sadarwa na UNE suka kafa cibiyar Ruta N, wadda aikinta shi ne haɗa masu bincike da masu jari, da tallafa wa ƙananan kamfanonin fasaha, da kuma jawo na ƙasashen waje. An gina hedikwatarta kusa da Jami'ar Antioquia, kuma majalisar birnin ta ware wani kaso na ribar EPM domin shirin kimiyya da fasaha na shekara goma, daga 2011 zuwa 2021, lamarin da ya ba masu bincike damar tsara aiki mai dogon zango.

Wani aiki da ya fi shafar rayukan talakawa kai tsaye shi ne tsarin gargaɗin gaggawa mai suna SIATA. Mutanen Medellin ba su manta da zaftarewar ƙasa ta unguwar Villatina a 1987 ba, wadda ta hallaka mutane kusan 500. Hukumomin yankin da kamfanonin lantarki ne suka riƙa ba da kuɗin tsarin, jami'ar EAFIT kuma ta ɗauki shekaru tana gudanar da shi, inda aka kafa na'urorin auna ruwan sama da tashin rafuka da motsin ƙasa, tare da jiniya a unguwannin da ke bakin rafi, wadda ake kaɗawa idan ruwa ya kusa ambaliya domin mutane su haura tudu. An kuma raba wa ɗaruruwan gidaje ƙananan na'urorin auna gurɓatar iska, da haka mazauna birnin da kansu suka zama masu tattara bayanan da hukuma ke yanke shawara a kansu.

Duniya ta lura da wannan sauyi. A 2013 aka zaɓi Medellin a matsayin birnin da ya fi ƙirƙira a wata gasa da jaridar Wall Street Journal ta shiga shiryawa, a 2016 ya sami lambar yabo ta Lee Kuan Yew da ake bayarwa a Singafo, kuma zuwa 2015 yawan kisan kai ya sauko zuwa kimanin 20 a cikin mutum 100,000.

Sai dai masu nazari suna jan hankali kada a jingina komai ga gine-gine da fasaha, domin raguwar kashe-kashe tana da nasaba da farmakin soja na 2002 a gunduma ta 13, wanda har yau iyalai suke neman 'yan uwansu da suka ɓace a sanadinsa, da kuma ajiye makaman da wasu ƙungiyoyin sa-kai suka yi a 2003. Haka kuma katafaren ɗakin karatu na España, wanda aka buɗe a Santo Domingo a 2007 har ya zama abin alfahari, an rufe shi bayan 'yan shekaru saboda lahani a gininsa, kuma tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka ba ta gushe ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne a watan Agusta na 2020, lokacin da mambobi takwas na hukumar gudanarwar EPM suka yi murabus gaba ɗaya, suna zargin cewa magajin gari na lokacin, Daniel Quintero, bai tuntuɓe su ba kafin a yanke shawarar neman diyya daga 'yan kwangilar madatsar ruwa ta Hidroituango, wadda ta shiga matsala a 2018. Ba da jimawa ba mambobin hukumar Ruta N su ma suka ajiye aiki. Shi magajin garin yana ganin manyan 'yan kasuwa sun yi kane-kane a kan dukiyar jama'a ba tare da an zaɓe su ba, su kuwa suna ganin siyasa ce ta kutsa cikin cibiyoyin da aka gina bisa ƙwarewa.

Wannan rikici ya fito da tambayar da kowane irin wannan ƙawance yake fuskanta, wato wa ke da ta cewa idan ra'ayi ya saɓa. Tarihin Medellin ya nuna cewa haɗin gwiwar jami'a da kamfani da birni yana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa, da zama a kai a kai, da auna nasara a kan rayuwar mazauna unguwannin da aka bari a baya, amma ya kuma nuna cewa aminci tsakanin shugabanni kaɗai ba ya isa, sai an rubuta iyakar ikon kowa a fili, an kuma bai wa jama'ar gari kujera a wurin yanke shawara.

A nan shirin musamman na wannan mako ya kawo ƙarshe.