Idan Ƙwaƙwalwar Uwar Garke Ta Cika: Amfani Da Iyakar Wurin Musaya

A ofisoshin da ke ajiye bayanan albashi, haraji ko rajistar filaye a kwamfuta, akwai babbar na'ura guda da sauran kwamfutoci suka dogara da ita, wadda ake kira uwar garke. Idan ta soma nauyi, musamman a ƙarshen wata lokacin haɗa albashi, jami'in kula da na'urori yakan kawo shawara biyu: ko a sayo ƙarin ƙwaƙwalwa, ko a buɗe wurin musaya, wanda masana ke kira swap. Ta biyun ba ta cin ko kwabo, shi ya sa shugabanni suka fi karkata gare ta. Ya dace a san abin da ake amincewa da shi kafin a sa hannu.

Ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, tamkar teburin akawu ce: duk fayil ɗin da ke kai, hannu kawai zai miƙa. Wurin musaya kuwa yanki ne da ake warewa a faifan ajiya, kamar sito a bayan sakateriya. Idan tebur ya cika, na'urar takan kwashe bayanan da aka jima ba a taɓa ba, gutsure-gutsure masu girman kilobait 4, ta kai su sito har sai an neme su. Dabarar tsohuwa ce, domin kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila ta yi aiki da ita tun 1962.

Amfaninsa a fili yake. A tsarin Linux, idan ƙwaƙwalwa ta ƙare kuma babu wurin musaya, na'urar takan kashe wata manhaja don ta tsira, kuma yawanci takan zaɓi wadda ta fi cin ƙwaƙwalwa. Sau da yawa wannan ita ce manhajar rumbun bayanai, wato ainihin abin da aka sayi na'urar dominsa. Wurin musaya yana bai wa jami'i lokacin da zai lura, ya ɗauki mataki.

Sai dai sito yana da nisa. Ɗauko bayani daga RAM yana ɗaukar kimanin kashi 1 cikin miliyan 10 na daƙiƙa, alhali faifai mai juyawa yana buƙatar kimanin kashi 1 cikin 100, wato jinkiri ninki 100,000. Faifan SSD ya rage tazarar, amma duk da haka ya fi RAM nauyi sau ɗaruruwa. Saboda haka, idan fayilolin da ake aiki da su a lokaci guda sun fi ƙarfin tebur, akawu zai wuni yana kai da komo tsakanin tebur da sito, masu jira kuma suna kan layi. Na'ura tana kunne, amma babu aikin da ke tafiya. A ganina wannan ya fi mutuwar manhaja muni, domin manhajar da ta mutu ana tayar da ita cikin mintoci.

Tsohuwar ƙa'idar nan ta ware ninki biyu na RAM ta zamanin ƙananan na'urori ce. Uwar garke mai gigabait 64 ba ta buƙatar 128; 'yan gigabait kaɗan sukan wadatar. Har ila yau, tun 2014 Linux ya ƙunshi zram, wanda ke matse bayanai a cikin RAM ɗin kanta maimakon kai su faifai.

Kafin a yanke shawara, a nemi jami'in ya gwada umarnin vmstat a lokacin da aiki ya fi yawa, ya duba layukan si da so, waɗanda ke nuna shige da ficen bayanai. Idan sifili suke nunawa, babu damuwa ko da akwai kaya a sito. Idan kullum suna motsi, to a sanya kuɗin RAM a kasafi. Idan kuwa wata manhaja ce ke ta ƙara cin ƙwaƙwalwa kowace rana har sai an sake kunna na'ura, laifin nata ne, kuma a mayar da batun ga kamfanin da ya samar da ita.