Daga Garin Munshari Zuwa Ƙauyen Babu Wuri

A shekarar 2010 mutanen wani ɗan ƙauye a gundumar Dorset, kudu maso yammacin Ingila, suka yi karo-karo suka sayi ƙaton dutse mai nauyin tan ɗaya da rabi, aka sassaƙa sunan ƙauyen a jikinsa, aka girke shi a bakin hanya. Ɓarayi ne suka ishe su. Duk sanda hukuma ta kafa allon ƙarfe mai ɗauke da sunan, kafin a ce kwabo wani mai wucewa ya kwance shi ya tafi da shi gida tsaraba. Sunan ƙauyen Shitterton, rabinsa na farko kuwa kalmar nan ce da marasa ta-ido ke kiran bayan gida da ita a Ingilishi. Dutse dai ba ya shiga bayan mota, sai aka sami lafiya.

Sunan ya kusa shekara dubu. Asalinsa yana cikin kundin Domesday, ƙidayar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086 don sanin harajin da zai karɓa, kuma ma'anarsa gidan gonar da ke bakin rafin da ake zubar da ƙazanta. Wannan yana cikin 'yan kaɗan da sunan ke nufin abin da kunne ya ji. Akasarin sunayen da ke sa baƙo dariya a Birtaniya ba su da alaƙa ko kaɗan da abin da ake yi wa dariyar. Tsofaffin kalmomi ne da bakin mutane ya goge shekara da shekaru, har suka yi kama da wata kalma ta yau.

A Norfolk akwai Great Snoring da Little Snoring, wato Babban Munshari da Ƙaramin Munshari idan aka bi Ingilishin yau. Mutanen can ba su fi kowa barci ba. Sunan wani mai gida ne na zamanin da, Snear, da jama'arsa suka zauna a wurin. Ugley da ke Essex, wanda a kunne yake daidai da "mummuna", fili ne da wani mai suna Ugga ya share a daji. Nasty da ke Hertfordshire yau yana nufin "ƙazami", amma asalinsa shingen da ke gabas. Beer kuwa, ƙauyen masunta a gaɓar tekun Devon, ba shi da haɗi da giya: tsohuwar kalma ce mai nufin kurmi. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Upper Slaughter da Lower Slaughter a Gloucestershire, Yanka ta Sama da Yanka ta Ƙasa. Mai jin sunan zai zaci mahauta ko fagen yaƙi, alhali daga kalmar taɓo ya fito. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri, Upper Slaughter na cikin ƙauyuka ƙalilan na Ingila da duk mazajen da suka tafi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu suka dawo gida da ransu.

Dalilin wannan ruɗani shi ne tsibirin ya sha baƙi, kowa ya zo da harshensa ya tarar da sunan da wani ya riga ya raɗa. Akwai mutanen da masu harsunan Keltik, kakannin harshen Wales na yau. Rumawa suka zo suka kafa barikoki, kalmarsu ta sansanin soja ce ta bar wutsiyar da ke jikin Manchester da Lancaster da Leicester. Bayansu Anglo-Sakson suka tsallako daga arewacin Turai, su ne masu "ton" da "ham", gona da gida. Sai 'yan Viking daga Denmak da Norwe, waɗanda "by" ɗinsu ke ƙarshen Grimsby da Derby da Whitby. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci ƙasar, malamansu suka riƙa rubuta abin da kunnensu ya ba su, kamar dai yadda Turawan mulkin mallaka suka mai da Sakkwato ta zama Sokoto.

Wani lokacin wannan karkatar harshe rufin asiri ce. Birnin Nottingham a da Snotingaham ne, mazaunin jama'ar wani shugaba mai suna Snot, kalmar da a yau take nufin majina. Harafin farkon ya yi wa Normawa nauyi a baki, suka yar da shi. Magoya bayan Nottingham Forest suna da bashin godiya a wuyansu.

Wani lokacin kuma maimaici ake samu. Sabon zuwa ya tambayi ɗan gari sunan ruwan nan, a ce masa "kogi" da harshen gida, shi kuma ya ɗauka suna ne. Haka aka sami koguna da dama masu suna Avon, wanda a harshen Wales kogi kawai yake nufi. Tsaunin Bredon Hill ya fi haka: gaɓa ta farko tudu ce a Keltik, ta biyu tudu a tsohon Ingilishi, ta uku tudu a na yau. Tudu, tudu, tudu.

Sai kuma matsalar furuci, wadda masu kallon ƙwallo suka sani. Lokacin da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016, da yawa suka gane cewa "Lesta" ake cewa, sauran haruffan 'yan rakiya ne. Worcester "Wusta" ce, Towcester "Tosta". Happisburgh a Norfolk "Hezbara" ake kiransa. Wani ƙauye a Devon ana rubuta shi Woolfardisworthy, a ce "Wulzari". Rubutu ya tsaya inda yake tun zamanin kakanni, baki ya yi gaba abinsa.

Akwai kuma sunayen da da gangan aka ƙera su don neman kuɗi. A tsibirin Anglesey na Wales akwai ƙauyen Llanfairpwllgwyngyllgogerychwyrndrobwllllantysiliogogogoch, haruffa 58, ko 51 a ƙidayar mutanen Wales da ke ɗaukar "ll" da "ch" a matsayin harafi guda. A shekarun 1860 aka tsawaita shi don tashar jirgin ƙasan garin ta ja matafiya. Kwatance ne aka jera: cocin Maryamu da ke kwarin fararen itatuwa kusa da ruwa mai juyawa, da cocin Tysilio na jan kogo. Dabarar ta ci, har gobe masu yawon buɗe ido na tsayawa ɗaukar hoto a gindin allon. 'Yan garin kuwa Llanfairpwll suke cewa, su wuce harkarsu. Westward Ho! a Devon shi ma ɗan kasuwa ne: sunan littafin Charles Kingsley na 1855 aka ɗauka aka sa wa sabon wurin shaƙatawa na bakin teku, har da alamar motsin rai a ƙarshe.

Ƙauyen Dull a Sikotland, wanda sunansa ke nufin "maras armashi" a Ingilishi, ya ƙulla zumunci a 2012 da garin Boring, "mai gundura", a jihar Oregon ta Amurka. Daga baya gundumar Bland, "lami", ta Ostareliya ta shiga sahu. Shi ma Boring ɗin sunan wani tsohon soja ne da ya zauna can, William Boring.

A gundumar Durham, wadda ke da wani ƙauye mai suna Pity Me, "ku tausaya mini", akwai kuma No Place, wato Babu Wuri. A shekarun 1980 ƙaramar hukuma ta so sauya shi zuwa Co-operative Villas, mai kama da sunan rukunin gidajen ma'aikata. Mazauna suka ce ba su san zance ba, dole aka bar sunayen biyu a kan allo.

Ina ganin gaskiya na tare da su. Sunan da ma'aikaci ya zaɓa a ofis ba ya gaya wa kowa wanda ya fara sare dajin, ko harshen da aka yi a wurin kafin na yanzu. Tsohon suna, ko da yana sa yara dariya a bayan mota, shi ne sau da yawa takardar shaida ɗaya tilo da ta rage wa ƙauyen game da waɗanda suka kafa shi. Hukumar da ta goge shi don kunya ta yi ɓarna.