Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Zango A Tsibirin Rairayi

A wannan mako zan kai ku nesa, can ƙasar Ostiraliya, mu ga yadda mutanen can su ke shirin tafiya in sun haɗa ayari za su yi zango a wani tsibiri wanda ba kome cikinsa sai rairayi. Wata za ta ce, "Malama, ina ruwanmu da tsibirin da ba za mu taɓa takawa ba?" To, yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Tafiya duk inda ta ke sunanta tafiya, kuma in ta lalace, mace da yara su ne su kan fi shan wuya.

Sunan tsibirin K'gari. Ba a faɗin harafin farko, sai ki ji kamar an ce "gari". Yana gefen gabas na jihar Kwinsland, kuma duk duniya babu tsibirin rairayi da ya kai shi girma. Tsawonsa wajen kilomita 123, watau ya fi tsakanin Kaduna da Zariya nisa. Mutanen da su ka gaji wurin kaka da kakanni ana ce da su Butchulla, su ne su ka raɗa masa wannan suna. Turawa su ka riƙa kiransa Tsibirin Fraser, saboda wata mace, Eliza Fraser, wadda jirgin ruwan mijinta ya farfashe a 1836 ta tsira zuwa can. A 2023 gwamnatin jihar ta mayar masa da sunansa na asali. Tun 1992 kuwa hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya duka ke tattali.

Abin mamaki, a kan rairayin nan akwai kurmi mai dogayen itatuwa, da tabkuna masu ruwan daɗi. Ɗaya daga cikinsu, Tabkin McKenzie, ruwan sama ne zalla ya taru a kan tudu, garau kamar an tace. Abin da babu shi ne titin kwalta mai ratsa tsibirin. Babbar hanyarsa ita ce bakin teku, wadda a ke kira Gaɓa Mai Mil 75. Ƙaramar mota ba ta shiga, sai mai jan ƙafa huɗu, watau wadda inji ke juya ƙafafunta duka, irin su Land Rover da Land Cruiser.

To, in ayari ya yi niyya, da me za a fara? Da zama. Tun da watanni a ke taruwa a gida ɗaya, a ƙidaya kawuna, manya nawa, yara nawa, tsofaffi nawa. Daga nan a san motocin da a ke bukata. Mota ɗaya ba ta isa ayari ba, ko da ta ɗauke kowa, gama in ta kafe babu mai janyo ta. Biyu ko uku sun fi. In motar haya ce, tun 2010 doka ta hana ta ɗaukar fiye da mutum 8, ta kuma hana ɗora kaya a kan rufinta. An yi dokar ne bayan haɗarin da ya ci rayukan baƙi a 2009, domin mota mai nauyi a ka ba ta da wuyar kifewa a rairayi.

A wannan zama a ke raba aiki. A naɗa madugu, wanda in ya ce a tsaya kowa zai tsaya. A naɗa ma'aji, kowa ya zuba kuɗinsa tun ba a tashi ba, a rubuta a littafi: na mai, na jirgin fito, na abinci, na takardun izini. Mu da mu ka san adashi mun san abin da kuɗin taro ke jawowa in ba a rubuta ba. Zumuncin shekara 10 ya kan watse a kan kuɗin mai na kwana 3.

Takardun izini iri biyu ne, na shigar mota da na kafa tanti, duka daga hukumar gandun daji ta Kwinsland. Ba a ba da wurin kwana sai an kama tun da wuri, balle lokacin hutun makarantu. A tuna kuma watan Disamba can tsakiyar zafi ne, Yuni da Yuli ne sanyi. Wajen ƙetarawa, akwai jirgin fito mai ɗaukar motoci daga River Heads kusa da garin Hervey Bay, akwai kuma wani daga Inskip Point, wanda ba ya wuce wajen minti 10 ya kai ƙurewar kudu ta tsibirin.

Yanzu ga babbar magana. A tsibirin nan ba madugu ne ke yanka lokacin tashi ba, teku ce. Mu da mu ka saba da gulbi mun san ya kan cika da damina ya janye da rani. Ita teku kullum ta ke yin nata: ta cika ta janye, ta sake cika ta janye, sau biyu a kwana guda, kuma kowace rana lokacin ya kan matsa gaba da wajen minti 50. In ta janye, sai ta bar rairayi mai laima, mai tauri kamar daɓe, mota ta yi ta tafiya sumul. In ta cika, hanyar ta tafi, sai busasshen rairayi mai cin ƙafa. Domin haka a ke shawartar direbobi su yi tafiyarsu cikin awa 2 kafin ƙarshen janyewar ruwa zuwa awa 2 bayansa. Akwai takarda mai nuna waɗannan lokatai na kowace rana. Da ita a ke zaɓen ranar tafiya, da ita a ke sanin lokacin karin kumallo. In takarda ta ce ƙarfe 7 na safe, uwargida, ba a ɗora tukunya ƙarfe 6 da rabi. A dafa tun dare. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Da an sauka kan rairayi a kan rage iskar taya, domin ta baje kamar tafin raƙumi, kada ta nutse. Amma tayar da aka rage wa iska ba ta son gudu, ba ta son karya kwana da gaggawa. Kada a manta da shebur, da igiyar jan mota mai ƙarfi, da famfon mayar da iska. Na san darajar shebur tun ran da mu ka fita yawon buɗe ido da 'yan ajina, motarmu ta kafe a yashin wani rafi da rani. Da kwanonin cin abinci mu ka yi ta tono har la'asar, yara na kukan ƙishirwa. Ba direba kaɗai ke da laifi ba. Ni ma ban tambayi abin da ke cikin motar ba kafin mu tashi.

Bakin tekun nan hanya ce ta gwamnati, dokokin titi duka suna aiki, 'yan sanda kuma suna zagayawa. Ba a wuce kilomita 80 a awa a gaɓa, ko 30 a hanyoyin cikin kurmi. Har ƙananan jiragen sama suna sauka a kanta. Akwai rafuka masu gangarowa teku, babbansu a gefen gabas shi ne Rafin Eli, su kan yanke rairayi su bar gargada wadda ba a gani sai an zo kanta. Shi ya sa ba a tuƙi da dare, kuma in ruwa ya yi shakka, wani ya sauka ya auna zurfinsa da ƙafa tukuna.

Sai abinci. A rubuta na kowace rana, kowane gida da ranar girkinsa, kada aiki ya tare a kan mace ɗaya alhali saura suna wanka a tabki. Akwai 'yan kantuna a Eurong da Happy Valley, amma kayansu da tsada, gama kome ta jirgi ya ke zuwa. A ɗauki ruwan sha a jarkoki, a tafasa wanda aka ɗiba can. A zo da magungunan da kowa ya saba sha, domin babu asibiti a tsibirin. Girki kuwa da murhun gas a ke yi. An hana hura wutar itace sai a 'yan wuraren da hukuma ta gina murhu, a Dundubara da Waddy Point. Kada ki ce tsanani ne. A watan Oktoba na 2020 waɗansu 'yan zango su ka hura wuta inda aka hana, ba su kashe ta sosai ba. Ta yi wata biyu tana ci, ta ƙone wajen rabin tsibirin.

Na bar wadda ta fi damuna a ƙarshe, watau maganar yara. A tsibirin akwai karnukan daji da a ke kira dingo, Butchulla kuwa na ce da su wongari. In kin gan shi sai ki ce karen gida ne, ja-ja, siriri, ga shi kamar mai jin yunwa. Nan haɗarin ya ke. Wanda mutane su ka saba ba abinci ya kan daina tsoronsu. Ido wa ka raina? Wanda na ke gani yau da gobe. A 2001 karnukan nan su ka kashe wani yaro ɗan shekara 9 kusa da Waddy Point. Ba su abinci laifi ne mai tarar dubban daloli.

Domin haka hukuma na shawartar masu yara 'yan ƙasa da shekara 14 su kwana a zangon da aka kewaye da shinge, kamar Central Station da Dundubara. Abinci da shara a kulle su a mota ko a akwati mai ƙarfi, ba cikin tanti ba. Yaro kada ya yi nisan da hannunki ba zai kai gare shi ba. In dingo ya matso, ba a gudu. A miƙe tsaye, a fuskance shi, a ja da baya sannu ana kiran taimako. Ga kuma abin da aikin koyarwa ya koya mini: yaron da aka ce kowa na dubansa, ba mai dubansa. A ambaci suna, a ce wance ce da wane daga yanzu zuwa azahar. Tekun kuma ba ta wanka ba ce, akwai igiyar ruwa mai ja da manyan kifaye masu cin mutum. A kai su tabki, babba na tsaye a kansu.

Kun ga dai, 'yan'uwa, duk abin da na lissafa, ban da tuƙin kansa, a tsakar gida a ke gama shi, da fensir da littafi. In maigida ya ce an shirya tafiya, ko ta tsibiri ce ko ta biki a ƙauye, tambaye shi cikin ladabi: wa ke riƙe da kuɗi, ina za a kwana, ruwa nawa aka ɗauka, wa ke duban yara? In amsa ta samu, ɗaura kayanki. In ba ta samu ba, a sake zama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.