Daga Alƙahira zuwa Kano a Rana ta Shida

Yaron da ya tashi a Samaru ko Sabon Gari ba ya ɗaga kai don jirgi ya wuce. Tun da aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya a 1964, ƙugin ƙananan jiragenta ya zama abin yau da kullum. Amma a 1925 ganin jirgi abin al'ajabi ne a ƙasar Hausa.

Ranar 27 ga Oktoba ta 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Hilwan, kudu da Alƙahira, suka nufo Kano. Jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Jiragen samfurin DH.9A ne, na katako da ƙyalle, kowanne mutum biyu yake ɗauka, babu rufi a kansu, rana da ƙura duk a jikinsu. Iyakar gudunsu bai kai kilomita 200 a awa ba.

Idan aka miƙe sak, tsakanin Alƙahira da Kano kilomita 3,100 ne ko kusan haka. To, amma wa zai miƙe? A tsakani Sahara ce, ba mai, ba ruwa, ba wanda zai cece ka in inji ya tsaya. Sai suka bi Kogin Nilu har Hartum, sannan suka juya yamma ta Alfashir, suka bi ta Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri. Wannan zagaye ya mai da tafiyar sama da kilomita 4,000. Abin da ya fi burge ni shi ne, daga Hartum zuwa Kano hanyar alhazai ce suka biyo, wadda kakanninmu ke takawa da ƙafa da jaki, wasu su shekara bakwai ba su dawo ba, wasu ma su zauna a Sudan ke nan. Bature da injinsa bai samo wadda ta fi ta ba.

Ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen suka sauka a filin sukuwa na Kano. Yau jirgin fasinja na cin wannan tafiya cikin awa huɗu da 'yan kai.

Hanyar ba ta mutu ba. Kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano a 1936. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta Gana, a biyo da su ta Kano zuwa Masar. Wanda ke shugabantar rundunar saman da ke yaƙi a hamadar Arewacin Afirka daga 1941, wadda ta dogara da waɗannan jirage, ba kowa ba ne illa Coningham ɗin nan.

Ajalinsa kuwa a doguwar tafiya ya same shi, yana fasinja. Ranar 30 ga Janairu 1948, jirgin Star Tiger da yake ciki ya ɓace a Tekun Atalantika, tsakanin tsibiran Azores da Bamuda, yana fama da iska mai ƙarfi daga gaba. Mutum 31 ne a ciki, kuma har yau ba a ga ko tarkacensa ba.