Rashin haihuwa: Abin da gwajin maniyyi ke nunawa da yadda ake zaɓen ƙwayoyi masu lafiya

A unguwannin cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, idan aure ya shekara biyu ko uku ba a samu ƙaruwa ba, matar ake fara zargi. Ita ke zarya asibiti, ita ke shan jiƙe-jiƙen Kasuwar Kurmi, ita ake kira juya, wani lokaci ma a yi mata kishiya ko a sallame ta. Alhali a wajen likitoci, kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, namijin na da kaso a matsalar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ma'aunin hukumar, idan ma'aurata suka yi wata 12 suna saduwa ba tare da maganin hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai shiga ba, lokacin bincike ya yi, kuma su biyun za a bincika.

Kuzari daban, haihuwa daban

Magidanta da yawa na ɗaukar kuzari a shimfiɗa a matsayin shaidar lafiya. Amma ruwan maniyyi daban, ƙwayoyin haihuwar da ke cikinsa daban. Namiji na iya fitar da ruwa mai kauri wanda babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Haka kuma haihuwar da aka yi shekara goma baya ba ta tabbatar da halin da ake ciki yau.

Gwajin ba shi da zafi. Ana ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, sannan a tara maniyyin cikin kwalba mai tsabta da asibiti ke bayarwa, a miƙa shi ɗakin gwaje-gwaje kafin awa ɗaya ta cika. Ba a amfani da kwaroron roba na kanti, domin yana kashe ƙwayoyin.

Littafin jagora da hukumar ta sabunta a 2021 ya nuna mafi ƙarancin adadin da aka saba gani a jikin maza masu haihuwa: ruwa mililita 1.4, wato bai kai sulusin cokalin shayi ba. Ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita. Kashi 42 cikin 100 masu motsi. Kashi 4 cikin 100 masu cikakkiyar siffa. Gaza kai wannan adadi ba hukuncin yanke ƙauna ba ne. Ƙwayar haihuwa na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, don haka zazzaɓi mai zafi da aka yi wata biyu baya na iya ɓata sakamako. Shi ya sa ake maimaita gwajin bayan kusan wata uku.

Abubuwan da ke raunana ƙwayoyin sun haɗa da kumburin jijiyoyin jini na maraina, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba, tsargiya, ciwon suga, taba sigari da shan tiramadol barkatai. Allurar sinadarin testosteron da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi kuwa tana iya dakatar da samar da ƙwayoyin gaba ɗaya.

Yadda ake tankaɗe ƙwayoyin

Idan magani ko tiyata ba su wadatar ba, sai a koma ga dabarun taimaka wa haihuwa, inda ake ware ƙwayoyi masu lafiya daga matattu da raunana. A hanya ta farko, ana zuba wani ruwa mai gina ƙwayoyi a saman maniyyin, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum. Masu ƙarfi su yi iyo zuwa sama, a kwashe su. A ta biyu, na'ura ce ke wulwula maniyyin da sauri ta cikin ruwa mai hawa-hawan kauri, lafiyayyun su taru a ƙasa.

Waɗanda aka tace ana iya zuba su kai tsaye cikin mahaifa, ko a haɗa su da ƙwan matar a ɗakin gwaje-gwaje, abin da ake kira IVF. Ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978. A 1992 likitoci a Brussels ta ƙasar Beljiyam suka sanar da nasarar dabarar ICSI: a duba ta madubin likita, a zaɓi ƙwaya guda mai kyakkyawar siffa da motsi, a cusa ta cikin ƙwan da siririyar allura. Ko wanda ba a ga ƙwaya a maniyyinsa ba, wani lokaci ana ciro ta daga marainansa. A Abuja, Dokta Ibrahim Wada ya jagoranci haihuwa ta IVF a Asibitin Nisa Premier a 1998.

Ta fuskar addini, tun 1980 Muftin Masar, Sheikh Jadul-Haƙ, ya ba da fatawar halascin aikin, da sharaɗin maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa, kuma igiyar aure na nan. Ɗauko maniyyin wani namiji haramun ne.

IVF na cin miliyoyin naira, ba kullum ake dacewa ba, kuma nasararsa na raguwa yayin da shekarun mace ke ƙaruwa, musamman bayan 35. Duk shekarar da miji ya ɓata yana gudun gwaji, daga damar matarsa ake cire ta. Asibitin Murtala na nan kusa da Ƙofar Mata, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Cututtukan Mafitsara ta Abubakar Imam. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani na bawa ne, kuma gwajin maigida ne mataki mafi sauƙi da araha da ya kamata a fara da shi.