Ɗan maƙerin da ya fidda wuta daga mayen ƙarfe

An haifi Maikal Farade a shekarar 1791, kusa da birnin Landan, ƙasar Ingila. Ubansa maƙeri ne, talaka. Yaron bai jima a lakol ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Shekara 7 ya yi yana ɗinki, yana kuma karanta littattafan da ake kawowa. Nan ya samu iliminsa.

A 1813 wani babban masani, Hamfari Debi, ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin bincike.

A 1831 Farade ya naɗe wayar jan ƙarfe kamar gammo. Ya zura mata mayen ƙarfe, wannan da ke jan allura da ƙusa. Sai lantarki ya bi waya. Da ya tsaida hannunsa, wuta ta ɗauke. Ashe asirin yana ga motsi.

Jama'a, ku dubi dinamon keke. Taya na juya mayen ƙarfe, fitila ta kama. Keke ya tsaya, fitila ta mutu. Manyan injunan da ke ba birane wuta ma haka suke aiki.

Farade ya rasu a 1867.